Tashin Zuciyar Safe da Robar Yaya

Ranar da abin ya fara kama ni ina durƙushe ne a gaban kwandon goro, a rumfarmu da ke unguwar Aboabo, hantsi bai gama ɗagawa ba. Yawu ya cika mini baki, wani ɗumi ya taso daga cibiya ya tokare ni a maƙogwaro. Na miƙe na zagaya bayan rumfa, na dafa bango, na yi ta kakari a bakin kwata. Babu abin da ya fito sai ɗan ruwa mai ɗaci. Na kurkure baki na dawo na zauna, na ce wa matan da ke taya ni tsintar goro fitsari ne ya matse ni. Amma na san wannan kakarin. Na sha jin sa a bakin yayata kafin ta rasu.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan mahaifiyarmu, Yaya da ni. Mma muke ce wa mahaifiyar tamu, kamar yawancin 'yan Zango, wato unguwanninmu na baƙi 'yan Arewa, ita kuma har yau da na fara furfura Auta take kira na. Yaya mace ce mai jiki, mai yawan dariya, in ta zauna a benci sai na gefe ya gyara zama. Ciwon daji ne ya kama ta a ciki. Lokacin ina gidan mijina a unguwar Sofoline, ban ga farkon ciwon ba. Sai da ta kwanta aka kira ni, na tattaro na dawo gidanmu na yi jinyarta. Abin da na tarar shi ne amai kowace safiya, da rama. Akwai wata shuɗiyar roba da muke wankin kayan jarirai a cikinta a da, ita na riƙa tara mata. Ni ke riƙe mata goshi, ni ke zubarwa, ni ke wankewa. Cikin 'yan watanni matar da benci ke yi wa kaɗan ta koma ina ɗaga ta ni kaɗai ba tare da na yi nishi ba. Bayan sadakar arba'in na nemi robar nan in jefar, ban gan ta ba, ban kuma tambayi kowa ba. Tun daga lokacin ban koma Sofoline da zama ba. Mijina direban babbar mota ne, tafiyarsa ta fi zamansa yawa, shi da kansa ya ce in zauna kusa da Mma.

Shekaru suka wuce, ni ma na ajiye jiki, irin na gidanmu. Gwiwoyina suka fara ƙara in zan tashi daga sujada, a asibiti kuma aka ce sugana ya zo bakin ƙofa, in ban rage ƙiba ba zai shigo. Na ce to, na dawo gida na ci tuwon zafina da miyar ayoyo kamar ba da ni ake ba. Sai wata ƙawata mai sayar da atamfa a wajen kasuwar Race Course ta zo wani biki, na ga ta zube, har wuyanta ya fito. Na ja ta gefe na ce, ke, me kika sha? Ta ce ba ta sha komai ba, wani azumin rage ƙiba ne ake yayi, a waya ta gani, kuma ba na ibada ba ne. Daga kin tashi da safe ba kya cin komai sai an yi azahar, ki ci abincinki har isha'i, ki rufe baki. Ruwa kuwa ki sha yadda kika ga dama.

Dariya na yi. Mu da muke kai azumin Ramadan tun ba mu iya ɗaura ɗankwali ba, ba ci ba sha har magariba, a ce mini in jira azahar kawai, da ruwana a hannu? Na ce wannan ai wasan yara ne. Washegari na fara.

Abu ɗaya ne ya yi mini wuya, kokon Mma. Tun rasuwar Yaya, kullum bayan asuba nakan fita bakin layi in sayo koko mai zafi da ƙosai, in kawo ɗakinta mu sha tare, ita a kan 'yar kujerarta ta katako, ni a bakin gado. Ba wata hira muke yi ba. Takan yi mitar citta ta yi yawa ko ƙosan ya sha mai, ni kuma in ce gobe ta fita ta dama nata. Ranar da na fara azumin, kofi ɗaya na kawo na ajiye a gabanta.

"Ina naki?" ta ce.

"Mma, azumi na fara."

Ta ɗago ta dube ni. "Yau ba Litinin ba, ba Alhamis ba."

Na yi mata bayani, na ce na rage ƙiba ne, ana shan ruwa, likita ne ya ce in rage jiki. Ban ga alamar ko kalma ɗaya ta shiga kunnenta ba. Ta daɗe tana kallon fuskata, sannan ta ce, "To," ta jawo kofin. Na ɗauka haushin an bar ta ita kaɗai take ji, na ce a raina za ta saba, na fita rumfa.

Sana'ar goro gadonmu ce, rumfar ma a jikin gidanmu take. Da sassafe motocin ƙauye ke shigowa ta hanyar Sunyani, matan Asantawa su sauke mana kwanduna, mu kuma mu wanke, mu tsince, mu ware fari da ja, manya da ƙanana, mu jera cikin ganye a ɗaure, ya tafi Arewa. Ba a sayen goro da ido. Wanda ya fi kowanne sheƙi za ki fasa ki tarar ƙwaro ya cinye cikinsa. Shi ya sa duk kwandon da aka sauke sai na zura hannu can ƙasa na zaro ɗaya, na fasa, na gatsa, na tauna, in ji ɗacinsa da danshinsa kafin in buɗe baki in taya. Ni ba na tofarwa, haɗiyewa nake yi, haka na ga mahaifinmu yana yi. A da, da kokona da ƙosaina a ciki nake wannan aikin. Yanzu kuma sai na ga wani amfaninsa: yunwa na motsawa, in na gatsa sai ta kwanta. Har na riƙa ƙulle guda a bakin zane saboda hanya.

Makonnin farko lafiya lau, har ina yi wa ƙawata godiya a waya. Sannan ranar nan ta zo, ta kakari a bakin kwata. Washegari ma haka, kashegarinta ma haka. Abin har da lokacinsa: hantsi na ɗagawa zai taso, ya yi ta juya ni yana saki yana kamawa, sai bayan azahar in samu kaina. Wannan bai kwantar mini da hankali ba ko kaɗan, domin Yaya ma da rana takan samu sauƙi, har ta tashi zaune ta tsokani mutane. Bangon da nake dafawa kuwa na bayan ɗakin Mma ne, da 'yar tagarta a sama. Na riƙa toshe bakina da mayafi, ina dogara da cewa kunnenta ya yi nauyi.

Babu dabarar Zango da ban gwada ba. Ruwan citta, lemun tsami a ruwan ɗumi, kanumfari a ƙarƙashin harshe, jiƙon jar kanwa. Babban maganin kuma shi ne goron kansa, don tun muna yara in mota ta juya wa mutum ciki goro ake miƙa masa. Zuciya na tashi sai in gatsa, ta ɗan lafa, can ta dawo da ƙarfinta, in ƙara gatsawa.

Matan rumfa ba makafi ba ne. Wata rana na dawo daga bayan rumfa ina share baki, babbarsu ta kalli sauran ta ce, "Hajiya, ashe direba in ya dawo daga Nijar ba kaya kaɗai yake saukewa ba." Suka fashe da dariya. Na ce ta kama bakinta, a shekaruna, ga 'yata da ciki, jika na hanya? Na taya su dariyar, amma wallahi a raina cewa na yi Allah ya sa hakan ne. Da kunyar goyo a tsufa ce matsalata da na yi sadaka.

Ga kuma ramar. Ita nake nema tun farko, amma da ta zo sai na kasa yin murna. A Zango ba a yi wa mutum barka da rama. Duk wanda ya gan ni sai ya sassauta murya ya ce, "Sannu, ya jiki?" Matar malamin makarantar layinmu ta aiko mini da rubutu ban roƙa ba. Mai koko ta riƙa ƙara mini ƙosai gyara tana cewa in daure in ci. In na ce musu ni na sa kaina, azumin rage ƙiba nake yi, sai su ce to, Allah ya ƙara sauƙi. Ni kaina na rasa na gaskatawa. In na ɗaura zane na ga ya ƙara zagayawa, sai in tsaya ina tambayar kaina: wannan aikin azumin ne, ko kuwa wani abu ne ke ci na ta ciki, na zo na yi masa rumfa da azumi?

Wata Juma'a za ni suna, duk rigar da na sa sai ta yi mini yawa. Na yi ta tono a akwati har na kai ƙasa, na ci karo da wata rigar leshi ruwan ƙwai. Ta Yaya ce, an ɗinka mata a Sallar ƙarshe da ta gani, bayan ta fara ramewa. Da aka raba kayanta ta faɗo a kasona, ban taɓa iya sa ta ba, a kafaɗa take tsayawa. Ban san abin da ya ja ni na zura ta ba. Ta sauka sumul, kamar ni aka auna. Na tsaya gaban madubi na ga ƙasusuwan wuyan da na riƙa shafa wa man zafi. Na cire ta da sauri har na ji ɗinki ya ɓalle, na mayar da ita ƙasan akwatin. Ban je sunan ba.

Mai hankali zai ce, to me ya hana ki daina azumin ki gani? Na yi wannan tunanin, ba sau ɗaya ba. Wata safiya bayan na gama kakarina na aika aka sayo mini ƙosai, ina kai shi baki warin man ya taso mini, na ture shi. Haka Yaya take ture kwano, da bayan hannu. Amma gaskiyar magana ita ce tsoron dainawar nake ji. Muddin ina azumin, ina da amsar da zan ba mutane da kaina: na rame ne don ba na cin abincin safe. In na koma ci, ramar ta ci gaba, aman ya ci gaba, shi ke nan, babu sauran abin da zan ɓuya a bayansa. Saboda haka na riƙe azumin gam, ni da na fara shi da dariya.

Kullum ina kai wa Mma kofinta bayan asuba, in ajiye in fita da sauri, don ba na son ta ƙare wa fuskata kallo. Ta daina mitar citta. Ta daina tambaya ta komai.

Abin da ya kai ni asibiti shi ne wata safiya da kaya suka shigo da yawa. Na yi ta fasawa ina gatsawa, ga ciniki, ga musu da matan ƙauye, can abin ya taso mini da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Da kyar na kai bayan rumfa. Wannan karon wani abu ya fito, ja-ja, mai duhu. A kwanakinta na ƙarshe irin launin da nake zubarwa daga shuɗiyar robar nan ke nan. Na durƙusa a wurin ina salati. Na tuna 'yata mai ciki, na tuna Mma da ta riga ta ga an fita da 'ya ɗaya ta ƙofar gidan nan. Na ɗebo ruwa na kora wurin, na ce wa matan za ni banki, na tsayar da tasi.

Likitar da na samu yarinya ce, Ba'asantiya, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. Muka yi ta haɗa Turanci da Asantanci muna fahimtar juna. Na faɗa mata komai, har da na Yaya. Ta danna mini ciki, ta duba idona, ta tambaye ni me nake ci kafin azahar. Na ce ba komai. Ta ce ko shayi? Na ce ruwa kawai. Ta sunkuya tana rubutu, ni kuma zuciyata ta fara motsi, na kwance bakin zanena na gatsa.

Ta ɗago. "Mama, mene ne wannan?"

"Goro ne."

"Kin ce ba kya cin komai."

"Goro ai ba abinci ba ne," na ce.

Ta ajiye biro. Ta tambaye ni kamar nawa nake ci da safe, na ce wa ke ƙirga goro a rumfar goro? Ta ce mai yiwuwa shi ne, goro da yawa a cikin da babu komai yana iya tayar da zuciya ya kuma ƙona ciki, jan da na gani ma ba mamaki shi ne. Amma da labarin yayata ba za ta sallame ni da mai yiwuwa ba. Sai an zura mini wata siririyar roba mai fitila ta maƙogwaro an leƙa. Ta ba ni rana, ta ce in bar goro kafin nan.

Na fito raina a ɓace. Yarinyar nan me ta sani game da goro? Kakana ya ci, ubana ya ci har haƙoransa suka rine, ni na fara ci tun ban kai tsawon kwando ba, yau za a ce shi ke sa ni amai? Na tabbata lallashi na take yi. Yaya ma da farko cewa aka yi gyambon ciki ne, aka ba ta wani farin maganin sha. Na koma rumfa na ci gaba da aikina yadda na saba, aman ma ya ci gaba da nasa. Kwanakin jiran nan ba na fatan maƙiyina ya gan su. In na ga ana wanke makara a ƙofar masallaci sai in canza hanya. Na kira mijina a waya yana kan iyaka, na buɗe baki in faɗa masa, na ƙare da tambayarsa ko kayan sun isa lafiya.

Ranar gwajin an ce kada in sa komai a baki tun daga asuba, ma'aikaciyar jinyar har da nuna bakin zanena ta ce har da wannan. Na zauna a bencin asibiti ina jiran layi, ina kuma jiran baƙona na kullum. Hantsi ya ɗaga. Kaina ya yi nauyi, ina ta hamma, bakina na neman ɗaci. Na dafe ciki ina sauraro. Rana ta ƙara ɗagawa, aka kira wannan, aka kira wancan, zuciyata shiru, ba ta tashi ba. Ban yarda na yi murna ba, na ce tsoro ne ya danne ta.

Gwajin ba shi da daɗi, ba zan yi ƙarya ba, hawaye na yi ta yi ina kwance a gefe ɗaya kamar rago. Da na dawo hayyacina likitar ta zaunar da ni. Ta ce cikina ya yi ja, ya ƙuje, amma babu ƙari, babu wani tsiro, babu abin da nake tsoro. Na ce ta sake faɗa da Asantanci. Ta sake. Ta rubuta mini magani, ta ce goro sai bayan abinci, kuma kaɗan, a rumfa in gatsa in tofar. In kuma ina son ci gaba da azumin, in juya shi: in karya da safe, in rufe baki da wuri da yamma. Na fito bakin titi na tsaya, masu babur na ta yi mini hon, na rasa ma ina za ni. Sai a cikin tasi kukan ya zo, direban ya rage rediyo.

Kai tsaye ɗakin Mma na nufa. Tana kan kujerarta da carbi. Na durƙusa na faɗa mata komai tun daga farko, aman, asibitin, fitilar, goron. Na ce, "Mma, lafiyata ƙalau, an leƙa an gani." Na ɗauka za ta yi hamdala, ko ta yi mini faɗan ɓoyewa. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ita ma haka ta ce mini," ta ce.

"Wa?"

"Yayarki. Kina Sofoline, ba ki gani ba. Wata safiya na kawo koko ta ce azumi take yi. Na ce Allah ya karɓa. Litinin da Alhamis, daga baya har da Laraba, har da Asabar. Ina ta yabon ta a wurin mutane, ashe abinci ne ba ya zama mata. Ta bayan tagar nan na fara jin ta. Da na tambaya ta ce an duba ta, gyambo ne, lafiyarta ƙalau." Ta ja carbinta guda ɗaya. "Ranar da kika kawo kofi ɗaya kika ce azumi, na san abin ya sake dawowa."

Ban taɓa sanin wannan ba. Duk tsawon watannin nan ina toshe baki da mayafi, ita kuwa tana zaune a ƙarƙashin tagar tana jin kowane kakari, tana haɗa shi da wancan. Na kama hannunta zan yi mata rantsuwa, sai na ji wuyan hannun a cikin nawa kamar kara. Ni da nake ta auna ramata a madubi, ban taɓa duban tata ba. Daga baya maƙwabciyarmu ta gaya mini kokon da nake ajiyewa yaran gida take kira su shanye.

Na rantse da Allah, na ce in tana so gobe mu tafi ta ji daga bakin likitar. Ta girgiza kai.

"Ba na son bakin likita, Auta. Na ji irinsa."

Washegari bayan asuba na fita bakin layi na ce a zuba mini biyu. Mai koko ta dube ni ta ƙara ludayi guda. Na kawo ɗakin Mma na zauna a bakin gado, wurina na da. Ta ƙi taɓa nata. Ta gyara kujerarta ta matso har gwiwarta na taɓa tawa, ta zuba mini ido. A nan tsoro ya sake kama ni, sabo fil. Idan likitar ta yi kuskure fa? Idan ya taso mini yanzu, a gabanta? Tururin cittar ya bugi hancina, na ji cikina ya motsa. Na yi bismilla na kurɓa. Na ji zafinsa yana sauka. Na gutsuri ƙosai na tauna a hankali na haɗiye, idon Mma na bin maƙogwarona. Na ƙara, na ƙara, har na ga gindin kofin.

Na yunƙura zan tashi, ta riƙe mini hannu.

"Zauna. Ba yanzu yake zuwa ba."

Ta san lokacinsa sarai. Muka zauna. Na ji motar ƙauye ta tsaya a waje, na ji ana sauke kwanduna, matan rumfa na tambayar ina Hajiya. Ba wanda ya motsa a cikinmu. Haske ya shigo ta 'yar tagar ya sauka a bango, ya gangaro zuwa tabarma. Duk gyatsar da na yi sai yatsunta su ƙara matse ni. Ni ma sauraron cikina nake yi, ina addu'a a zuci. Yaran makarantar layinmu suka tashi tara, hantsi ya wuce, rana ta take tsakar gida. Kokon ya zauna.

Sannan Mma ta saki hannuna. Ta sunkuya da kyar, ta ɗage gefen zanenta da ya rufe ƙafafun kujerar, ta jawo wani abu daga ƙarƙashi. Shuɗiyar robar ce, ta koɗe, an wanke ta tas. Tun asuba tana nan tsakanin ƙafafunta.

Ta miƙo mini ba tare da ta kalle ta ba.

"Fita da ita," ta ce. "Ku wanke goro a ciki, ko ki jefar. Kada in sake ganin ta a ɗakina."

Na karɓa na kai bakin ƙofa, sai na ji ƙarar kofi a bayana. Na waiwaya. Ta ɗauki nata da ya daɗe da hucewa, ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Citta ta yi yawa," ta ce.